Kwano na Arba'in da Ɗaya

Kwanuka saba'in da biyu Direba yake wankewa kowace la'asar, kuma idan ka tambaye shi ko aikin da wahala sai ya ɗaga kafaɗa ya ci gaba da cuɗa soso. Ba girman kai ba ne. Mutumin dai ya daɗe da daina jin abubuwa, da wahala da daɗi duk ɗanɗanonsu ɗaya a wurinsa. Shekara ashirin da shida ya yi yana jan babbar mota, har yanar ido ta rufe masa na hagu aka karɓe makulli a hannunsa. Sunan ne kawai bai bar shi ba, ya biyo shi har bakin bahon wanke-wanke. A kicin ɗin babu wanda ya san wani sunansa bayan wannan, babu kuma wanda ya taɓa tambaya.

Gidan abincin yana ƙasan wani bene ne, tsakanin shagon gyaran waya da kantin magani. A da Madam, mai wurin, a roba da leda take sallamar kowa kamar yadda ake yi ko'ina: robar shinkafa, ƙullin miya, cokalin roba, a haɗa a baƙar leda, sai an jima. Sai wata damina kwatar da ke gaban shagon ta toshe, ruwa ya shigo har idon sawu. Da aka zo yasar kwatar, abin da aka yi ta zaƙulowa robobin Madam ne, kowace da takardar shagonta manne a murfi, har da lambar waya don kada a yi musu. Wani ɗan sa ido ya ɗauki hoto ya watsa. Kafin mako ya zagayo ma'aikatan ofisoshin unguwar, waɗanda su ne cinikin rana, sun ɗauke ƙafa. Madam ta yi kuka, ta yi zagi, ta ce ai ba ita ta zubar ba, su da suka ci suka watsar ta taga su ne yanzu masu tsarki. Gaskiyarta ce, amma ko mutum ɗaya bai dawo ba.

Ana cikin haka wata matashiya ta zo daga wani ofis da ke layin baya, riƙe da kwanon silba mai murfi. Ta tsaya a bakin kantar shagon ta ce ita ce mai kula da sha'anin muhalli a wurin aikinsu, kuma da shawara ta zo. Madam ta sayi irin wannan kwanon da yawa, a rubuta wa kowanne lamba, kowane mai oda ya zama yana da nasa. A kai da rana, a kwaso da la'asar, a wanke, gobe a sake. Babu roba, babu leda, babu cokalin yarwa. In Madam ta yarda, ita za ta kawo mata mutum talatin daga ofishinsu, sauran ofisoshi kuma za su biyo baya.

Direba yana ciki a lokacin. Akwai 'yar taga tsakanin kicin da kanta wadda ake turo faranti ta cikinta, kuma ta nan ya hango mai maganar. Ta ɗora nauyinta a ƙafa ɗaya, tana magana tana buga yatsa a kan katako, sak uwarta. 'Yarsa ce. Shekara goma sha ɗaya rabon da ta yi masa magana.

Ya tsaya ya jira ya ji wani abu, ko faɗuwar gaba ko hawaye. Babu abin da ya zo. Sai da Ludayi, matar da ke zuba abinci, ta ce, "Baba Direba, farantin nan sai ka huda shi za ka huta?" sannan ya lura tun ɗazu faranti ɗaya yake wankewa.

Kada ma a yi gaggawar jin tausayinsa. Matarsa ciwon ƙoda ta yi, ta kwanta a asibiti. Ya yi jinya mako uku, warin wurin da kukan injin da ake jona mata suka ishe shi, ya ce bari ya yi lodi ɗaya ya dawo. Lodi ɗaya ya zama biyu, biyu ya zama goma. Ba wata mace ba ce, ba giya ba ce, da ma ɗaya daga cikinsu ce da an sami inda za a rataya laifin. Tsoro ne kawai, irin na ragon namiji. Ya bar yarinya 'yar shekara goma sha bakwai da uwa a gadon asibiti har wata biyar, da ya dawo kuwa an yi wata biyu da binne uwar. Yarinyar ta buɗe ƙofa, ta dube shi, ta mayar ta rufe a hankali, ko bugawa ba ta yi ba. Kawunta ne ya ɗauke ta ya biya mata karatu. Shi kuma tun daga ranar ya ci gaba da ci da sha da tuƙi, amma kamar wanda aka ba ajiyar jikin wani.

Madam ta karɓi shawarar, don ba ta da wata. Aka sayo kwanuka, aka rubuta lambobi da jan fenti a gindi da murfi, kuma abin mamaki ciniki ya dawo har ya fi na da. Mutanen da jiya suke watsar da roba ta tagar mota yau su ne masu ɗaukar hoton kwano suna nuna wa duniya. A kicin aka laƙa wa matashiyar suna Anti Ba-Leda, don ko tsinken shan lemo ta gani a kanta sai ta yi magana. Kwano saba'in da biyu dai a kan wuyan tsoho mai ido ɗaya suka sauka, kuma babu wanda ya ɗauki hoton wannan.

Ga yadda aikin yake. Da safe Direba zai ɗauraye kwanukan da ruwan zafi ya jera su a dogon tebur bisa lamba. Ludayi ta bi da takardar oda tana zubawa. Murafen suna da tauri, sai an danna da ƙarfi suke kamawa, saboda haka shi ne mai rufewa, shi ne kuma mai shirya su a akwatin mai babur. Hannunsa ne na ƙarshe a kan kowane kwano kafin ya fita, shi ne na farko idan ya dawo.

A rana ta uku ya tambayi Ludayi, yana kallon baho, "Waccan da ta kawo tsarin, wace ce lambarta?"

"Anti Ba-Leda? Arba'in da ɗaya. Me ya faru, za ka barbaɗa mata wani abu ne ta ƙyale mu mu sha iska?"

Ba ta jira amsa ba, ta koma kan aikinta.

Abu ɗaya ya sani sarai. Muddin ba ta san yana nan ba, kwanon zai ci gaba da zuwa hannunsa kullum. Ranar da ta sani, shi ke nan. Bayan wannan kwanon kuwa ba shi da komai nata, ko hoto, ko lambar waya. Don haka duk ranar da ya ji muryarta a kanta sai ya matsa can bayan buhunan shinkafa, ya tsaya har ta tafi.

Mai wanke kwanon mutane yana sanin halinsu, ko yana so ko ba ya so. Lamba tara ƙashi yake tauna ya tofa a ciki. Lamba ashirin da shida tsinken sakace da cingam. Akwai wata a hamsin da wani abu da ke cinye nama ta bar shinkafa kamar ba a taɓa ba, kuma ita ce ta fi kowa surutun ceton duniya. Arba'in da ɗaya kuwa a wanke yake dawowa, a goge, ko ƙamshin miya babu. Duk da haka yakan sake wanke shi. Ba ya tunanin komai a lokacin, hannunsa ne dai yake rage sauri.

Abin da ya tsaya masa a rai odarta ce. Rabin shinkafa, wake, ganye, ba nama. Kullum haka, Litinin zuwa Juma'a.

"Me ya sa rabi?" ya tambayi Ludayi wata rana.

"Wai kada ta rage a zubar."

"Naman fa?"

"Wai kiwon shanu yana ƙara wa duniya zafi." Ludayi ta kwashe da dariya har tana dafa tebur. "Ni dai zafin da na sani na murhun nan ne. Baba Direba, 'yan boko sai su."

Shi bai yi dariya ba, bai kuma yarda ba. Shekara ashirin da shida yana cin abinci a bakin hanya, ya san mai cewa ba ya son nama ciki da waje. Ba bakinsa ba ne ba ya so, aljihunsa ne. Ya ga direbobi da yawa da suka ce a ba su rabi don wai cikinsu bai da daɗi, shi ma ya faɗi hakan ba sau ɗaya ba. Ga shi kuma ranar da ya hango ta, wuyanta duk ƙashi. Ya haɗa wannan da wancan, ya yanke cewa yarinyar babu ce take damunta, ta naɗe ta a cikin maganar shanu don kada a gane. Uwarta ma haka take, ta kwana da yunwa da ta roƙi maƙwabciya gishiri.

Kowane ma'aikaci a wurin yana da faranti ɗaya da tsoka ɗaya da ƙarfe biyu na rana. Direba ya ce wa Ludayi ta riƙa ba shi nasa naman tun da safe, wai haƙoransa sun fi kama shi da zafi. Da ta juya baya ya tona shinkafar arba'in da ɗaya da cokali, ya binne tsokar, ya mayar ya shafe, ya danna murfi.

Da la'asar kwanon ya dawo a wanke kamar kullum, amma tsokar tana ciki, naɗe a farar takarda mai rubutu. Idonsa ba ya ganin ƙananan baƙaƙe, kuma ba ya so Ludayi ta gani, sai ya fita ya miƙa wa mai kantin magani. Mutumin ya gyara tabarau ya karanta masa: "An yi kuskure an sa mini nama. Ba na ci. A ba wani, kada a zubar. Na gode."

Ya ci tsokar a tsaye a bakin kwata, a sanyaye, bai ji ɗanɗanon komai ba. Mai hankali da nan ya tsaya. Shi kuwa sai ya ce a ransa ƙila naman sa ne ya yi mata tauri, don tun tana ƙarama ba ta son abin da za ta yi ta ja da haƙori. Ranar Alhamis da aka yi kaza ya binne mata cinya.

Wannan karon ba takarda ta aiko ba, waya ta bugo. Madam ta faɗo kicin ta cika ta yi fam, ta tsaya a kan Ludayi.

"Ke so kike yi ki kashe mini kasuwa? Matar nan mutum talatin ne a bayanta. Ta ce ba nama, ba nama. Da wane yare zan faɗa miki?"

Ludayi ta rantse ta maya cewa ba ita ba ce. Bayan Madam ta fita ta daɗe tana kallon bayan Direba, wanda ya duƙa a baho kamar kurma.

"Baba Direba," ta ce a hankali, "in so ne, ka yi wa kanka faɗa. Jikarka ce fa a haife. In kuma wani abu ne daban, to ni dai ina da 'ya'ya huɗu da nake ciyarwa da aikin nan."

Ya ce, "Na daina."

Ya kuwa daina, har kwana goma sha ɗaya. Ya koma cin namansa da ƙarfe biyu kamar kowa.

Ranar Litinin aka yi ruwa tun safe. Mai babur ya zame a kwana, akwatin ya kife, murafe shida suka ɓalle. Ya dawo yana ɗingishi, wandonsa duk miya, yana lissafa waɗanda abincinsu ya zube. Arba'in da ɗaya tana ciki.

"Na ce mata a sake kawowa," in ji mai babur, "ta ce a bar shi, kada a ƙona mai saboda mutum ɗaya, za ta sha shayi. Ni kam na gode mata, ƙafata kamar ba tawa ba."

Direba yana ji. Rabin shinkafar ma yau ba ta samu ba. Ya wanke kwanon, ya gwada murfin sau uku, ya ga gefensa ya ɗan lotsa, ba ya kamawa kamar da.

Washegari kafin ya shigo aiki ya tsaya a wani kanti ya sayi leda sabuwa, fara, mai kauri, irin wadda ake sa kayan masu kuɗi. A wurinsa leda ba ƙazanta ba ce, mutunci ce. Duk abin da ya taɓa kawowa gida daga tafiya a leda ya kawo shi, kuma yarinyar nan da ƙarar ledar take gane ya shigo tun bai yi sallama ba. Maganar kwata da koguna ya ji ta, ba wai bai ji ba, amma ina ruwan kogi da leda ɗaya tal? Da Ludayi ta leƙa waje amsa waya ya naɗe kwanon, zagaye uku, ya ƙulle da irin ƙullin da ake yi wa tamfol a kan lodi, wanda ko mota ta kife ba ya kwancewa. A sito ya samo ragowar cokalin roba na zamanin da, har yanzu a cikin rigarsa, babu bakin da ya taɓa shi. Ya soke shi a ƙullin, ya tura kwanon can ƙasan akwati, ya jera sauran a kai.

Ƙarfe ɗaya da 'yan mintuna ya ji muryarta a kanta. Ba ihu take yi ba, da ma ihun ne da sauƙi.

"Madam, wata shida ina hana mutane shigowa ofis da leda. Har mai share-share na yi wa magana. Yau a gaban kowa aka ciro wannan daga akwati, da lambata a jiki. Sun yi dariya, sun ɗauki hoto. Sau biyu nama, yau kuma wannan. In wani ne a nan yake mini izgili, ina so in gan shi."

"Anti, wallahi babu ko leda ɗaya a gidan nan."

"To mu shiga ciki in ga yadda ake rufewa."

Akwai lokacin da zai isa bayan buhuna. Akwai ma ƙofar baya, a buɗe take. Bai motsa ba, kuma ba jarumta ba ce, ƙafafun ne suka ƙi. Ya tsaya a bakin baho hannuwansa cikin kumfa har gwiwar hannu.

Madam ta shigo gaba tana ta zuba, ga tebur, ga takardar oda, ga ruwan zafi, a duba ko'ina. Matashiyar ta biyo ta da kwanon a hannu, ƙullin yana nan yadda ya yi shi. Ludayi ta buɗe baki, da alama za ta ce ƙila mai babur ne.

"Ni ne," in ji Direba.

Ta juyo ta dube shi. Ya tsufa, idonsa ɗaya ya yi fari, ga rigar aiki jiƙe a ciki, amma ba ta ɗauki lokaci ba. Ta dubi ƙullin da ke hannunta, ta sake dubansa. Babu abin da ya motsa a fuskarta.

"Mamana," ya ce. Haka yake kiranta tun tana zanen goyo, don sunan mahaifiyarsa ta ci.

Ludayi ta ajiye ludayinta a hankali.

"Tun yaushe kake nan?" ta tambaya. Ba ta ce Abba ba, ba ta kira shi da komai ba.

"Shekara biyu."

"Ka san nawa ne."

"Na sani."

"Naman ma kai ne."

"Na ga kin rame," ya ce. "Na ga rabi kike saye, ba nama. Na ɗauka babu ce."

"Akwai," ta ce. "Yanzu akwai. Lokacin da babu ai ba ka nan."

Ya kawar da kai ya dubi kumfa. Famfo yana ɗiga a cikin bokiti, babu wanda ya kashe.

Ta ajiye kwanon a kan tebur, ta ci gaba da magana da murya ɗaya, ba sama ba ƙasa, kamar mai karanta takardar oda.

"A wata na biyu muka sayar da kulolin abinci da tukwane muka sayi magani. Daga nan a bakin asibiti nake sayen abinci, a ƙulla mini a leda. Miya da zafinta, in ɗora a cinya, har yau tabon yana nan. Da hannun Umma ya daina riƙe cokali, kusurwar ledar nake cizgewa in matsa mata a baki. In ta gama in cusa ledar a ƙarƙashin gado, don kwandon shara yana can ƙarshen baranda kuma ba na iya barin ta ita kaɗai. Ranar da ta rasu, da aka janye gadon, sai da mai shara ya yi sawu biyu." Ta ɗan tsaya. "A ofis ina ce musu saboda kwata ne da koguna da dabbobin da ke haɗiye ta. Ba ƙarya nake yi ba, na karanta, na gani, na yarda. Amma ba daga can na fara ba. Ni in na ji ƙarar leda, warin ɗakin nan nake ji."

Ludayi ta sa bakin ɗankwalinta ta rufe fuska. Direba yana jin kowace kalma, tana shiga tana zama, amma kamar ana jera kaya a ɗakin wani. Haƙuri kalma ce ƙarama, shi kansa ya san ba za ta ɗauki wannan ba.

Madam, wadda ba ta iya zama da shiru, ta ce, "Anti, ki yi haƙuri, ni ban san komai ba. Yanzun nan zan sallame shi."

"Kada ki kore shi saboda ni. Odar ofis tana nan, mutanen ba su yi komai ba, tsarin ma bai yi komai ba. Lambata kawai za ki cire."

Ta juya ta fita. Sai a lokacin ƙafafunsa suka saki. Ya bi ta ta cikin kanta, tsakanin teburan masu cin abinci, hannuwansa suna ɗigar da kumfa a ƙasa, ya cim mata a bakin ƙofa inda aka ɗora katako a kan kwata.

"Mamana, tsaya. Abincin nan ya karɓe ki, ga shi kusa da ofis. Kada ki bari saboda ni. Ni zan bar aikin. Yau ma zan tafi, ba za ki ƙara ganina ba."

Da zuciya ɗaya ya faɗa. Shi ne kawai abin da yake da shi, ya miƙa mata.

Ta tsaya da ƙafa ɗaya a kan katakon. A karon farko wani abu ya gifta a fuskarta, kuma ba fushi ba ne, gajiya ce.

"Ka gani?" ta ce. "Har yanzu abin da ka iya ke nan, tafiya. Ka zauna. Ko sau ɗaya a rayuwarka ka zauna a inda babu daɗi, ka ga yadda yake."

Ta tsallaka titi, ta bi ta gaban shagon gyaran waya, ta sha kwana. Ya tsaya har kumfar ta bushe a hannunsa ta fara ƙaiƙayi, sannan ya koma ciki, don mutane sun fara kallonsa.

Kwanon yana kan tebur. Ya yi ƙoƙarin kwance ƙullin ya kasa, yatsunsa sun yi laushi da ruwa, sai Ludayi ta sa wuƙa ta yanke. Madam ta ce abinci dai ba a zubarwa a gidan nan, wani ya ci. Babu wanda ya miƙa hannu. Direba ya kifa bokiti ya zauna, ya ci shinkafar da waken da ganyen da suka huce, loma bayan loma har ya gama. Rabi ne, bai kai masa ko'ina ba. A loma ta ƙarshe ne ya ji abin. Kunya ce, ta shekara goma sha ɗaya, ta zo masa gaba ɗaya a kan bokiti a tsakiyar kicin ɗin mutane. Ludayi ta juya masa baya ta kama goge teburin da ta riga ta goge.

Da ƙarfe huɗu mai babur ya kawo kwanuka, Direba ya tashi ya wanke.

Ranar Laraba Madam ta ba wani ma'aikacin banki lambar, don akwai masu jiran layi. Odarsa cikakkiya ce, da nama biyu. Da safe ta leƙo kicin tana tsammanin za ta tarar da baho babu kowa, har ta yi wa wani magana ko da za a buƙace shi. Ta tarar da Direba ya riga ya ɗauraye, ya jera, yana tsaye a ƙarshen tebur yana jiran Ludayi ta gama zubawa.

"Baba Direba, ashe ka zo."

"Na zo," ya ce. "Ta ce in zauna."

Ya jawo kwano na farko ya danna murfi.